Kwali a Hannu, Aiki a Nesa: Wa Zai Yaye Ɗaliban Kwamfuta a Arewa?

Koke biyu ake ji a harkar kwamfuta a Arewacin Najeriya, kuma in ka saurare su daban-daban sai ka ɗauka ɗaya daga cikin masu kokawar ƙarya yake yi. Matashin da ya gama digiri a kimiyyar kwamfuta, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida, yana cewa babu aiki. Mai kamfanin da ke neman wanda zai gina masa manhaja, ko ya kula masa da na'urorin ofis, shi kuma yana cewa babu ma'aikata: ya ba da sanarwa, takardu sun taru jibge, amma da aka zaunar da masu neman a gaban kwamfuta aka ce bismilla, sai aka rasa na ɗauka. Dukansu gaskiya suke faɗa. Tsakanin ajin jami'a da teburin aiki akwai wani mataki da ya ɓace, kuma a nan dubban 'ya'yanmu ke faɗawa duk shekara.

Kwasa-kwasai ba su yi mana kaɗan ba, takardun shaida ma sun yi yawa. Abin da ɗalibinmu ya rasa shi ne ya yi aikin gaske a gaban wanda ya iya, tun yana makaranta, a gyara masa inda ya kuskure, a biya shi ko da kaɗan ne. Duk wani haɗin gwiwa tsakanin makaranta da kamfani da bai kai ga wannan ba, biki ne kawai: a yanka kyalle, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Wannan shi ne ra'ayina, kuma ga dalilaina.

A cikin aji

Har yanzu akwai makarantun da ɗalibi ke rubuta jarrabawar shirya manhaja da biro a kan takarda. Ya haddace layukan da malam ya ba shi a handawut, ya zo ya juye su, malam ya bi da jan biro yana duba inda aka manta waƙafi ko baka. Abin da ya rubuta bai taɓa shiga kwamfuta ba, balle ta mayar masa da saƙon kuskure ya zauna ya gano dalili. Alhali rabin wannan sana'a shi ne wannan zaman: abu ya ƙi aiki, ka karanta abin da na'ura ta ce, ka bi sawu layi bayan layi har ka kama inda ɓarakar take. Wanda bai taɓa kwana yana neman kuskure guda ba, bai fara koyon aikin ba tukuna.

Ban ɗora wa malamai laifin duka ba. Malami ɗaya ne a gaban ɗaruruwan ɗalibai, ɗakin kwamfuta yana kulle saboda babu wuta kuma babu man janareta, rabin na'urorin sun mutu, albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba. A kan haka ga yajin aiki: na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, bayan na 2020 da ya fi shi tsawo. A fannin da kayan aikinsa ke sauyawa duk 'yan shekaru, wata takwas a gida ba ƙaramar asara ba ce.

Matsalar ma ta faro tun daga ƙasa. Tun 2015 hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, JAMB, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, amma har gobe akwai yaran karkara da ranar jarrabawar ce rana ta farko da hannunsu ke taɓa linzamin kwamfuta. Wasu daga cikinsu ne ke samun gurbin karanta kimiyyar kwamfuta, su shiga aji ɗaya da ɗan birni da ya girma da laftof a gida.

Adalci ne a faɗi cewa hukumomi sun motsa. A Disamban 2022 hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu da ake kira CCMAS, ta ware fannin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa, da rassa irin su injiniyancin manhaja, tsaron intanet da kimiyyar sarrafa bayanai. Muhimmin abu a cikinsa shi ne hukumar ta riƙe kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara gwargwadon buƙatar yankinta. Ita ma hukumar NBTE da ke Kaduna, mai kula da kwalejojin kimiyya da fasaha, a farkon 2024 ta raba babbar difiloma ta kwamfuta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, haɗa hanyoyin sadarwa da ajiyar bayanai a intanet, gina manhaja da shafukan intanet, sai tsaron intanet da kare bayanai. Duk wannan ya yi kyau. Amma sauya sunan kwas a takarda ba ya sauya hannun da ke koyar da shi. In malamin da bai taɓa kare wata na'ura daga 'yan kutse ba ne zai karantar da tsaron intanet daga littafi, an dawo gidan jiya da sabon suna.

Watanni shida da ake ɓarnatarwa

Abin takaicin shi ne Najeriya ta daɗe da gane wannan giɓi. A 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikata na ITF, mai hedikwata a Jos, kuma a 1973 ya fito da shirin SIWES, wanda ɗalibai ke kira ai-ti, domin masu karatun kimiyya da fasaha su je kamfanoni su san makamar aiki kafin su gama. Ɗalibin jami'a kan yi har wata shida. Tunanin daidai yake. Yadda ake gudanar da shi ne ya lalace.

Ga yadda abin ke kasancewa. Makaranta ta miƙa wa ɗalibi wasiƙa da logbuk, ta ce ya je ya nemi wuri. Ya yi ta yawo ofis-ofis, maigadi na tsayar da shi a ƙofa. Wanda ke da kawu a ma'aikata ya samu kujera; wanda ba shi da kowa ya ƙare a shagon buga takardu na bakin titi. Wanda ya samu kujerar ma, me yake yi? Fotokofi, kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, sayo wa oga abinci. Ranar Juma'a ya buɗe logbuk ya rubuta cewa a wannan mako ya koyi haɗa na'urori da girka manhaja, oga ya sa hannu bai karanta ba. Malamin da zai zo duba shi ya leƙo sau ɗaya, in ma ya zo. Ɗan alawus ɗin da ake biya, wanda bai isa kuɗin mota ba, wasu sai sun gama makaranta suke ganinsa. Wata shida sun tafi, an ba da maki, ba a koyi komai ba, kuma mafi muni, an koya wa yaro cewa rubuta abin da bai faru ba a takardar hukuma ba wani abu ba ne.

Dalilin lalacewar a fili yake. Babu wanda ke da riba in ɗalibin ya koya, babu wanda ke da asara in bai koya ba. Kamfani na ganinsa a matsayin alfarmar da aka yi wa wani. Makaranta na ganin ta sauke farali. Ba a rubuta wa kowa abin da ake so yaron ya iya bayan wata shida ba, don haka babu abin da za a tuhumi kowa a kai.

Yanzu a je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a ga wani irin horo. Yaro ya zo wurin maigidansa bai san komai ba. Makonnin farko aikinsa miƙo sukundireba da kwance ƙananan kusoshi yana jera su don kada su ɓace. Daga nan a bar shi ya canza gilashin waya, sai wurin caji. In hannunsa ya nuna, a ɗora shi kan na'urar hura zafi da madubin ƙara girma, ya fara ɗaga ƙananan sassan da ke kan allon waya. Duk wannan mai wayar na tsaye yana jira, maigida na gefe yana kallo, in ya ga yaro zai ƙona abu ya riƙe hannunsa. In waya ta lalace, aljihun maigida ne zai biya, don haka ba ya wasa da koyarwar. Da yamma a ba yaro na abinci da na mota. Bayan 'yan shekaru a yaye shi, ya kafa teburinsa, maigida ya riƙa turo masa kwastoma.

Abu huɗu ne a nan: aikin gaske, gwanin da ke gyara kuskure nan take, ɗan abin sawa a aljihu, da ranar yaye da ke kai mutum ga cin gashin kansa. Babu ko ɗaya daga cikinsu a ai-tin da yawancin ɗalibanmu ke yi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta fahimci darajar irin wannan koyo lokacin da ta haɗa kai da masu sana'ar hannu na kasuwar Panteka domin a tantance ƙwarewarsu a ba su shaida. Abin da ya rage shi ne a juya hanyar: ɗan makaranta shi ma ya samu abin da ɗan kasuwa ke samu.

Yadda wasu suka ɗinke ɓarakar

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni ba wani sirri suka gano ba, tsari suka yi wa wannan koyon. Jami'ar Waterloo ta Kanada, da aka kafa a 1957, ɗalibanta da yawa kan yi wata huɗu a aji, wata huɗu a kamfani, ana biyansu albashi, har mutum ya gama digiri da gogewar aiki ta kusan shekara biyu. Jami'ar na da ofishi guda wanda aikinsa ke nan: nemo guraben aiki, shirya ganawa tsakanin ɗalibi da kamfani, karɓar rahoton kowane ɓangare a kan ɗaya. A Jamus, matashi kan shiga koyon aikin kwamfuta na shekara uku, yana raba makonsa tsakanin kamfani da makarantar sana'a, kamfanin na biyansa, ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu kuma ita ke yi masa jarrabawar ƙarshe. A Indiya, kamfanin Infosys da ya ga masu digiri ba sa zuwa a shirye, sai ya gina katafariyar cibiyar horo a birnin Maisur, inda sababbin ma'aikata ke yin watanni kafin a damƙa musu aikin kwastoma.

Hanyoyin sun bambanta, amma a duka ukun kamfani ya sa kuɗinsa da lokacin ma'aikatansa, saboda yana sa ran shi zai ci moriyar wanda aka horar. Wannan shi ne ƙashin bayan duk wani haɗin gwiwa mai ɗorewa.

Wane ne kamfanin a Arewa?

Nan ne mai karatu zai iya tare ni ya ce: Waterloo na kewaye da kamfanonin fasaha, mu kuma ina namu? Tambaya ce mai nauyi. Yawancin kamfanonin manhaja na Najeriya da masu zuba musu jari a Legas suke. Can aka kafa cibiyar fasaha ta CcHUB a 2010, can kamfanin Paystack ya tashi, wanda wasu matasa biyu da suka karanta kwamfuta a Jami'ar Babcock suka kafa, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Ɗalibin Dutsin-Ma ko Gashuwa ba shi da irin wannan a bayan makarantarsa.

Sai dai kafin mu zuba ido ga manyan kamfanonin waje, mu tuna abu biyu. Kamfanin Andela, da aka kafa a Legas a 2014 domin horar da matasa a haɗa su da kamfanonin ƙetare, a Satumban 2019 ya sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, ya ce kasuwa ƙwararru take nema, masu tasowa sun yi mata yawa. Microsoft ya buɗe cibiyar injiniyoyinsa a Legas a 2019, ya rufe ta a 2024. Ba mugunta suka yi ba, lissafin kasuwa suka bi. Darasin shi ne baƙo yakan zo ɗaukar wanda ya riga ya nuna. Ɗawainiyar renon mai tasowa ta gida ce.

Kuma gida na da aiki, in an buɗe ido. Kasuwar hatsi ta Dawanau, Kantin Kwari da kasuwar Singa a Kano na juya maƙudan kuɗi kullum, da yawan 'yan kasuwar kuma har yau littafi da biro ne ma'ajiyar lissafinsu: wa ya ɗauki kaya bashi, buhu nawa ya rage a sito, mota nawa ke hanya. Asibitoci na neman hanyar da katin maras lafiya ba zai ɓace ba. Makarantu masu zaman kansu na neman tsarin biyan kuɗi da fitar da sakamako. Hukumomin tara haraji na jihohi, kamfanonin rarraba wutar lantarki, bankuna irin su Jaiz da TAJ, masu shirya finafinan Kannywood, dubban masu POS da suka cika unguwanni musamman tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, duk suna dogara da na'ura da wanda zai kula da ita. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta ƙara buɗe wata ƙofar, domin manyan masu riƙe bayanan mutane na buƙatar jami'in da ya san yadda ake tsare su. Waɗannan su ne masana'antar da jami'ar Arewa za ta fara ƙulla zumunci da ita.

Akwai kuma waɗanda suka riga suka share fage. Ƙungiyar eHealth Africa, mai babban ofishi a Kano, ta yi amfani da taswirar zamani da sarrafa bayanai wajen yaƙi da shan-inna. CoLab da Sanusi Ismaila ya kafa a Kaduna a 2016, nHub a Jos, Startup Kano, CITAD, FlexiSAF, duk wurare ne da matashi ke iya zama kusa da wanda ya fi shi. Masu binciken HausaNLP, ciki har da Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero, suna tara bayanan da ke koya wa na'ura fahimtar Hausa, aikin da ba wanda zai yi shi fiye da mai harshen.

Labarin Amal Hassan ya fi kowanne bayyana abin da nake nufi. Ta fara da cibiyar koyar da kwamfuta a Kano, ta yaye matasa, sai ta lura suna karɓar shaida suna komawa gida su zauna. Ta gane horo kaɗai ba ya haifar da aiki. Ta duba yadda Indiya ke karɓo ayyukan kamfanonin ƙetare tana yi daga gida, ta kafa Outsource Global a 2013, wanda ya ɗauki ɗaruruwan matasa aiki a Abuja da Kaduna, mata da yawa a cikinsu. Jigawa ma ta taɓa gwada irin wannan hangen a farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, lokacin da ta kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure tare da kamfanin Informatics na Singafo. An yaye matasa masu yawa, amma da yake kamfanonin da za su ɗauke su ba su tashi a kusa ba, da dama sai da suka bar jihar kafin iliminsu ya yi musu rana. Wanda zai horar, dole ya yi tunanin wanda zai ɗauka.

Jami'a ba shagon koyon sana'a ba ce

Wasu malamai na da wata fargaba, kuma ina ganin girmanta. Suna cewa in aka sakar wa kamfanoni ragama, jami'a za ta koma wurin tallata kayan wani. Cisco da Huawei na da cibiyoyin horo a manyan makarantunmu, suna kawo kayan aiki da darussa, kuma ɗalibai na amfana. Amma kowane kamfani na'urarsa yake koyarwa, shaidarsa kuma tana da wa'adi. Ɗalibin da ya san maɓallan kaya ɗaya kawai, ranar da aka daina yayinsa ya zama baƙo a sana'arsa.

Saboda haka rabon aiki ya kamata a yi. Jami'a ta riƙe abin da ba ya tsufa: lissafi, dabarun warware matsala mataki-mataki, yadda ake tsara rumbun bayanai, yadda saƙo ke tafiya daga na'ura zuwa na'ura, da iya rubutu mai ma'ana. Kamfani kuma ya koyar da abin da aji ba zai iya ba: yadda mutum goma ke aiki a kan manhaja ɗaya ta hanyar manhajar Git ba tare da sun take ƙafar juna ba, yadda ake karanta aikin da wani ya rubuta shekara biyar da suka wuce, yadda babba ke duba aikin ƙarami ya mayar masa ya gyara, yadda ake sauraren kwastoman da bai san sunan abin da yake so ba, cika alƙawarin lokaci, da riƙon amanar bayanan mutane.

Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya ƙara wa wannan magana ƙarfi. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon ma'aikaci ya koyi hannu da su, na'ura na yin su cikin daƙiƙoƙi. Ɗalibi na iya miƙa furojet ɗin da bai fahimci layi ɗaya a cikinsa ba. Wanda zai tsira shi ne mai tushen da zai gane inda na'urar ta yi kuskure, da gogewar da zai san abin da ya dace a tambaye ta. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza, kuma hanyar tantance ɗalibi ita ce farkon abin da zai canza: a zaunar da shi ya buɗe aikinsa, ya yi bayani, a ce ya sauya wani abu a gaban idon masu jarrabawa.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, kashi 30 ɗin da NUC ta bar wa jami'o'i kada a cike shi da tsofaffin kwasa-kwasan da aka sake wa riga. Kowane sashen kwamfuta ya kafa kwamitin shawara da ya ƙunshi masu aikin a zahiri, ciki har da tsofaffin ɗalibansa da ke aiki a Legas ko ƙetare, su zauna duk shekara su duba abin da ake koyarwa. A buɗe ƙofa gwanin da ba shi da digiri na uku ya zo ya karantar da darasin aiki, a kuma ba malamai damar su je kamfani su yi wata uku ko shida, a lissafa musu shi wajen ƙarin girma kamar yadda ake lissafa maƙala.

Na biyu, a ɗauke wa ɗalibi wahalar neman wurin ai-ti, ta koma wuyan makaranta. A rubuta yarjejeniya mai sassa uku: ga aikin da za a ba shi, ga sunan wanda zai kula da shi, ga abin da za a biya shi. A ƙarshe abin da ya gina ko ya gyara shi ne shaidarsa, logbuk ya zama rakiya. Dokar ITF ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu, tana kuma mayar musu da wani kaso in sun horar da ma'aikatan. A faɗaɗa wannan rangwame ya haɗa da kamfanin da ya ɗauki ɗalibi ya koya masa aiki da gaske, sai a ga yadda ƙofofi za su buɗe.

Na uku, furojet ɗin shekarar ƙarshe ya daina zama kundin da ake ɗaurewa a jibge a kabad. Ɗalibai uku ko huɗu su ɗauki matsalar wani asibitin karkara, ko wata makaranta, ko wani dillalin hatsi, su gina abin da za a yi amfani da shi, mai matsalar ya zauna cikin masu ba da maki.

Na huɗu, gwamnatocin jihohi su ne manyan masu sayen aikin kwamfuta a Arewa. Duk kwangilar manhaja ko shimfiɗa hanyar sadarwa da za su bayar, su sa sharaɗin cewa kamfanin zai ɗauki ɗaliban makarantun jihar su yi aikin tare, kuma zai bar wa 'yan gida ilimin kula da shi. Wannan ba ya buƙatar sabon kasafi, layi ɗaya ne a takardar kwangila. Su kuma taimaka da abin da ɗalibi ba zai iya yi wa kansa ba: ɗaki mai sola da intanet da ke buɗe har dare, da hanyar mallakar laftof a biya kaɗan-kaɗan.

Na biyar, a canza ma'auni. Shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Minista Bosun Tijani ta fara a ƙarshen 2023 tare da hukumar NITDA, da burin horar da mutum miliyan uku, ya ɗauki 30,000 a zubin farko da 270,000 a na biyu. Niyya ce mai kyau, kuma matasan Arewa sun shiga. Amma adadin waɗanda aka horar ba shi ne nasara ba. A gaya mana nawa ne ke cin abinci da abin da suka koya bayan shekara guda, jiha-jiha, maza da mata. Haka kowane sashen kwamfuta ya riƙa bin sawun waɗanda ya yaye yana wallafa sakamakon, domin uba ya san inda zai kai ɗansa.

Na shida, 'ya'ya mata. Wannan na cikin sana'o'in da mace za ta iya yi daga ɗakinta, kafin aure da bayansa, ta samu halalinta. Abin da ke hana da yawa shi ne watannin koyon aikin: iyaye ba za su bar yarinya ta tafi wani gari wurin da ba su sani ba, kuma suna da hujja. Makarantar da ta tantance wurin, ta san mai kula, ta tanadi hanyar kai ƙara in an ci zarafi, ita ce za ta samu amincewar iyaye.

Ga ɗalibi kuma, kada ka jira sai an gyara duk wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga aji biyu ka nemi wanda ya fi ka ka manne masa, ko a cibiyoyin da na ambata, ko a ƙungiyoyin ɗalibai. Ka gyara Turancinka, domin da shi ake rubuta takardun aikin, da shi kuma za ka yi magana da kwastoman nesa. Ka gina ƙaramin abu da wani zai yi amfani da shi, ko da lissafin shagon mahaifinka ne, ka ajiye shi inda mai ɗaukar aiki zai gani. Ka nisanci damfarar intanet komai ƙuncin da kake ciki, domin wannan sana'a a kan amana take tsaye, wanda sunansa ya ɓaci sau ɗaya ba mai sake damƙa masa mabuɗin rumbun bayanai.

Kira na ƙarshe ga waɗanda Allah Ya riga Ya buɗa wa a wannan fanni, 'yan Arewa da ke aiki a bankuna, kamfanonin waya, ma'aikatu da ƙasashen waje. Kowannenku akwai wanda ya riƙe hannunsa a farko. Ku koma sassan da suka yaye ku, ku nemi shugaban sashe, ku ɗauki ɗalibi biyu ko uku a wannan zangon, ku ba su aikin gaske, ku duba, ku gyara musu. Shugabannin jami'o'i da kwalejoji kuma su fita daga ofis su je su ƙwanƙwasa ƙofar masu kamfani da shugabannin kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yaran da ke aji uku yanzu ba za su jira mu gama taro ba.